Baro: Tashar Ruwan da Reluwe Ta Haifa, Ta Kuma Juya Mata Baya

Ƙarfen dogon da ya fara isowa Kano ba ta Ikko ya biyo ba, ta ruwa ya zo. An yi lodinsa a Ingila, ya ƙetare teku, ya shigo bakin Kwara ta Forcados, ya hauro kogi tafiyar wajen mil 400, sannan aka sauke shi a wani ƙauyen Nufawa mai suna Baro, wanda yanzu yake cikin ƙaramar hukumar Agaie ta jihar Neja. Kan jirgi da taragai da ƙusoshi da ƙarafan gada, duk ta nan suka shigo. Na 'yan shekaru Baro ce ƙofar Arewa zuwa teku, kuma aikin reluwe ne ya mayar da ita haka: don shi aka gyara bakin ruwan, aka gina sito-sito, aka shimfiɗa layi har inda jirgin ruwa ke tsayawa. Reluwen nan dai ita ce ta janye wa garin ciniki daga baya. Ba ƙiyayya ta kawo haka ba, lissafinta ne ya sauya.

A wancan zamani ba baƙon abu ba ne masu jirgin ƙasa su riƙe tashar ruwa. A Birtaniya kamfanonin reluwe ne ke da tashoshi irin su Southampton da Harwich da Holyhead, har da jiragen da ke fito zuwa Faransa da Holan da Ayalan. A Sudan hukumar reluwe ce ta daɗe tana riƙe da tashar Port Sudan da jiragen kogin Nilu, a gabashin Afirka kuma ita ke da jiragen tafkin Victoria. Dalilin a fili yake. Wanda ya ɗauko kaya tun daga tudu ba ya son ya zube su a bakin ruwa ya tsaya jiran wani ya ga dama.

Gwamnati biyu, layi biyu

Kafin 1914 Arewa da Kudu gwamnatoci ne daban, kowacce da baitulmalinta. Kudu ke da bakin teku, saboda haka ita ke karɓar kuɗin kwastan. Arewa ba ta da ko taku ɗaya na gaɓar teku, da tallafin Ingila take cike giɓin kasafinta kowace shekara. Layin dogon Ikko ya kai Badun a 1901, kuma Gwamnan Kudu, Walter Egerton, so yake a yi ta jan sa har ya ƙetare Kwara ya dangana da Kano. Gwamna Lugga kuwa ya fi son Arewa ta yi nata layin, ya tashi daga bakin kogi ya nufi Kano, kaya su sauka teku ta ruwa ba tare da sun bi ta hannun Ikko ba. Ya ma taɓa gwada abin a ƙaramin mizani, da ya shimfiɗa wani siririn layi daga bakin kogin Kaduna zuwa hedikwatarsa ta Zungeru a farkon mulkinsa.

A 1907 Landan ta yanke hukuncin da bai ɓata wa kowa rai ba, bai kuma warware komai ba: a yi duka biyun. Layin Ikko ya ci gaba zuwa Jebba, na Arewa kuma ya tashi daga Baro. Aka turo Percy Girouard ya gaji kujerar Lugga, kuma da gangan aka zaɓe shi, don injiniyan dogo ne ɗan Kanada wanda ya shimfiɗa wa kwamandan sojan Ingila, Kitchener, layin hamada daga Wadi Halfa a Sudan a 1897. Can ma daga bakin kogi ya fara. Sai abin ya zama tamkar kishiyoyi biyu a gida ɗaya, maigida yana Landan, kuɗin cefane kuwa daga ɗaki guda yake fitowa, domin bashin da aka gina layin Baro da shi da sunan Kudu aka ciwo shi.

Mai kallon taswira a yau zai iya cewa shirin Baro wauta ce tun asali. Ni ban ga haka ba. A 1907 Ikko ita kanta ba tashar kirki ba ce. Yashi ya tare bakin mashigarta, manyan jiragen teku ba sa iya shiga, sai su tsaya a waje ko su wuce Forcados a juye kayan Ikko cikin ƙananan jirage a komo da su. Ke nan kayan Kano, ko ta wace hanya suka bi, sai an juye su daga wannan jirgi zuwa wancan. Daga Kano zuwa Baro mil 356 ne, daga Kano zuwa Ikko kusan ninkin haka, kuma dakon ruwa ya fi na dogo araha nesa ba kusa ba. Ga shi kuma babu buƙatar gada a kan Kwara. Duk wanda aka ajiye wa waɗannan alƙaluma a gabansa a wannan shekara, da wuya ya ƙi Baro.

Aikin ya tafi da sauri ƙwarai. Ma'aikatar ayyuka ta Arewa ce ta yi shi da kanta, a ƙarƙashin John Eaglesome, ba a ba ɗan kwangila ba. Wahalar farko ita ce ta sauke kaya. Jirgin teku mai nauyi ba ya iya haurowa Baro sai ruwa ya cika, daga wajen Agusta zuwa Oktoba, don haka ƙarfen da za a yi aikin shekara guda da shi dole a sauke shi cikin waɗannan 'yan makonni. Jirgin da ya makara, ko dai ya kafe a yashi ko ya juya. Wahala ta biyu a wuyan talakawa ta faɗa. Ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai aka bi, kowace gunduma aka yanka mata adadin mutanen da za ta kawo aikin diga, su yi 'yan makonni a sallame su a kawo wasu. Ana biyan su da tsabar kuɗin Bature, wanda akasarinsa haraji ke komawa ya cinye, amma ba wanda ya tambayi Banufe ko Bagwari ko yana son barin gonarsa. Layin ya bi ta Katcha da Badeggi ya hau Mina, ya wuce Kaduna da Zariya. Da aka fito filin ƙasar Kano, inda ba dutse ba kwari, akwai ranar da aka shimfiɗa fiye da mil 6. A watan Maris na 1911, zamanin Sarkin Kano Abbas, ƙarfe ya iso bakin birni.

Kalandar ruwa da kalandar gyaɗa

Auduga aka gina layin dominta. Masu masaƙun Lancashire ta Ingila sun ƙwallafa rai a kan ƙasar Kano da Zazzau, sun ɗauka da zarar jirgi ya zo za a yi ta tura musu ita. Sun manta cewa masaƙa da marinan ƙasar Hausa suna sayen audugar da daraja fiye da yadda Bature zai biya. Manomi ya duba, ya ga gyaɗa ta fi: tana yi a jigawa, ba ta cin ƙarfin ƙasa, in kasuwa ta faɗi kuma a ci abinta a gida. Fataken goro da suka san kan ciniki, irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo, daga baya kuma Alhassan Ɗantata, suka baza yaransu ƙauyuka. Gyaɗar da Nijeriya ta fitar a 1911 ba ta kai tan 2,000 ba. A 1913 ta haura tan 19,000, har tashar Kano ta rasa inda za ta sa buhuna.

A nan ne Baro ta gamu da abin da ba injiniyan da zai iya gyarawa. Gyaɗa a watan Oktoba ake cire ta, a shanya, a ɓare, a kai sikeli. Kasuwarta ba ta kankama sai Nuwamba, ta ci gaba har tsakiyar rani. Ruwan Kwara kuwa a Satumba da farkon Oktoba yake kai maƙura, daga nan sai ja da baya. Wato lokacin da buhun farko ke barin Kano, jirgin teku na ƙarshe ya riga ya bar Baro. Akwai dai wani ruwa na biyu, wanda ake kira baƙin ruwa, na daminar tsaunukan Gini, da ke daɗewa a fadamun Mali kafin ya gangaro cikin sanyi. Yana riƙe kogin na wasu watanni, amma iyakarsa ya ɗauki jirage marasa zurfi. Daga bazara kuwa sai tsibiran yashi.

A bi buhu ɗaya a gani. An ɗora shi a tarago a Kano, ya kwana biyu ko uku a hanya, leburori sun sauke shi a Baro sun jibge a sito. In an yi sa'a akwai ruwa, sai a sake ɗaukarsa a ka a gangara da shi cikin wani faffaɗan kwale-kwalen ƙarfe marar inji, jirgi mai tururi ya haɗa biyu ko uku ya tura su, a wuce Lakwaja da Anaca, ana tafe ana gwada zurfi da gora, dare ya yi a ɗaure. A Burutu, tashar da ke kusa da Forcados, a sake saukewa, a sake jibgewa, har jirgin teku ya zo. Kowane ɗauka da saukewa kuɗi ne, kuma a kowanne sai buhu ya yage, gyaɗa ta zube. In kuwa ba a yi sa'a ba, buhun nan zai zauna a sito har wata damina, ƙwari na ci, laima na shiga, kuɗin mai kaya na kwance ba ya juyawa. Arahar dakon ruwa gaskiya ce, amma ga ɗan kasuwar da ke juya jarinsa sau uku a kaka ɗaya, jiran wata shida ya cinye arahar har da riba.

Fito a Jebba

Ana haka layin Ikko bai tsaya ba. Ya iso Jebba a 1909, ya ci gaba ta Zungeru ya haɗu da layin Baro a Mina, har jirgi ya fara tashi daga Ikko ya dire Kano a 1912. Gwamnatocin biyu suka shiga karya wa juna farashin dako, kowacce na jan kaya zuwa tasharta, alhali asarar a aljihu ɗaya take ƙarewa. A watan Oktoba na 1912 aka haɗe layukan biyu suka zama Reluwen Nijeriya, kuma wannan rigima ta dogo tana cikin hujjojin da Lugga ya kafa, bayan ya dawo Nijeriya, na haɗe Arewa da Kudu a 1914. Mutane kan manta cewa jirgin ƙasa ya riga gwamnati haɗewa da fiye da shekara guda.

Abu ɗaya ya rage wa Baro na fifiko: babu cikakkiyar gada a Jebba. Tsibiri ya raba kogin biyu a wurin, kuma gadar reshen kudu ta ɗauki shekaru. Kafin a gama ta, jirgin ƙasa shi ma fito ake yi da shi. In ya iso gaɓa sai a kwance taragai, a riƙa tura su kaɗan-kaɗan bisa layin da aka shimfiɗa a kan wani jirgin ruwa mai tururi, a danne ƙafafunsu, a ƙetare, wani kan jirgin na jira a ɗaya hayin ya ja su. Sai a komo a ɗebi saura. Tsakanin damina da rani ruwan yana hawa da sauka ƙafa da yawa, don haka gangaren da taragai ke bi su hau jirgin fiton kullum cikin gyara yake. Dogon jirgin kaya kan ɓata sa'o'i kafin ya gama tsallakewa, kuma yawan abin da layin Ikko gaba ɗaya zai iya ɗauka a rana bai wuce abin da wannan jirgin fito guda ya iya ƙetarwa ba. Tsakanin ƙarshen 1915 da farkon 1916 aka gama gadar, fito ya ƙare.

Can bakin teku ma an cire ƙayar. Tun wajen 1907 aka fara gina dogayen katangun dutse cikin teku a bakin mashigar Ikko, don igiyar ruwa ta riƙa share yashin da kanta. Dutsen daga Aro, kusa da Abekuta, reluwe ta yi ta jigilarsa shekara da shekaru. A watan Fabrairu na 1914 babban jirgin wasiƙu na farko ya shiga har cikin tashar. A 1926 aka buɗe sabuwar tashar Apapa, tarago na tsayawa dab da jirgin teku.

Yanzu a sa kai a matsayin manajan reluwe. Layi biyu duk nasa ne. In buhu ya bi ta Baro, kuɗin mil 356 zai karɓa, sauran ribar ta tafi ga Kamfanin Neja mai jiragen kogi. In ya bi ta Ikko, kuɗin mil 700 ne, ga kuma ladan saukewa da ajiya a tashar da ke hannunsa. Ga bashin gada da na tasha yana jiran biya. Ba sai an yi masa wahayi ba. Guntun da ya tashi daga Mina zuwa Baro, mil 111, wanda da shi aka fara komai, ya koma reshe.

Tasha a hannun reluwe

Wannan tsari ya yi shekara wajen arba'in. A gabas an maimaita labarin kusan kalma da kalma: aka sami kwal a Inugu, aka kafa Fatakwal musamman don ta zama bakin layi, dogo ya kai Inugu a 1916, ya hauro Makurɗi, aka yi ta fito da taragai a kan Binuwai har sai da aka buɗe gadar Makurɗi a 1932. A Apapa da Fatakwal reluwe ce ke kula da lodi da sauke kaya da sito, ma'aikatar ruwa na kula da mashiga da shigo da jirage, ma'aikatar ayyuka na gyaran gine-gine. Tashoshin cikin fadamar Neja kuwa na kamfanoni ne, UAC a Burutu, John Holt a Warri.

Tsarin yana da amfaninsa, don mai tarago shi ne mai sito, ba wanda zai ɗora wa wani laifi. Yana kuma da illarsa, wadda ta fito fili bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Kawunan jirgi sun tsufa, taragai sun yi kaɗan, motoci sun fara kawo kaya tashar da aka tsara don dogo kaɗai. Dalar gyaɗar Kano da muke alfahari da hotonta, a gaskiya wani ɓangarenta shaidar wannan cushewa ce: gyaɗa ce da ta rasa taragon da zai kai ta teku, har ta bana ta tarar da ta bara. A 1954 aka yi dokar tashoshin ruwa, Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta Nijeriya ta fara aiki a Afrilun 1955, a shekarar kuma reluwe ta zama hukuma mai cin gashin kanta. Tun daga ranar dogo da bakin ruwa suka raba gari.

Baro ba ta mutu nan take ba. UAC, wanda ya gaji Kamfanin Neja a 1929, yana da jiragensa da tasharsa ta Burutu, don haka ya ci gaba da bi da wani kaso na gyaɗa da man kaɗe ta can har cikin shekarun 1960. Yaƙin basasa na 1967 ya rufe ƙasan kogin, jirage suka watse, bayan yaƙi kuma ga kuɗin fetur, ga kwalta, ga tirela. Gyaɗar ma ta daina fita bayan fari da cutar da suka same ta a shekarun 1970. Daga baya jirgin Mina zuwa Baro ya daina zuwa, ciyawa da itatuwa suka rufe layin.

Sabuwar Baro

Tunanin bai mutu ba, don hujjarsa ta asali tana nan: babu dakon da ya kai na ruwa araha ga kaya masu nauyi. A Satumban 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da aikin yashe Kwara daga Warri zuwa Baro, kilomita 572. Aka gina sabuwar tasha a ƙarƙashin hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, NIWA, a kan kuɗi wajen naira biliyan 6, da matsayar jirage mai tsawon mita 150 da sito da injin ɗaga kaya. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya je ya buɗe ta. Shekaru suka biyo baya ba a ga jiragen kaya suna zirga-zirga ba.

A ganina wannan karon an yi abin da ko Turawan 1907 ba su yi ba. Su da layi suka fara, tashar ta zama bakinsa. Mu muka gina bakin, muka bar jikin. Layin Mina yana kwance, kuma cikin sababbin layukan zamani da aka buɗe, na Abuja zuwa Kaduna da na Itakpe zuwa Warri da na Ikko zuwa Badun, babu wanda ya leƙa Baro. Hanyar mota daga Agaie ta Katcha, mai tsawon kilomita hamsin da 'yan kai, ta daɗe a hannun 'yan kwangila, da damina ko ƙaramar mota da ƙyar take bi, balle tirela mai kwantena. Yashe kogi kuwa ba aikin yi sau ɗaya ba ne, kowace ambaliya sai ta mayar da yashin inda aka kwashe shi. Ruwan ma yanzu ba damina kaɗai ke iko da shi ba. Madatsun Kainji da Jebba da Shiroro duk suna sama da Baro, kuma gwargwadon buƙatar lantarki suke sakin ruwa, ba gwargwadon buƙatar mai jirgi ba. Wannan kan iya zama alheri, domin ruwan da aka tare da damina ana iya sakinsa da rani ya ɗaga kogin daidai lokacin da amfanin gona ke fitowa, abin da Girouard bai samu ba. Amma sai an zauna an tsara shi, kuma masu tasha daban, masu dogo daban, masu hanya daban, masu madatsa daban.

Kayan da za su bi hanyar suna nan. Riɗi da zoɓo da citta da waken suya na fita daga Dawanau da Kaduna da Binuwai kowace kaka, taki da siminti da ƙarfe na haurowa, duk a bayan tirela, ana biyan kuɗin dizal da na shingayen hanya da na kwanakin da mota ke yi a layin shiga Apapa. Ɗan kasuwar da ke biyan wannan kuɗi ba ya buƙatar a yi masa wa'azin amfanin kogi. Abin da zai tambaya uku ne: wace rana jirgi ke tashi daga Baro, kwana nawa zai yi kafin ya kai Warri a watan Maris, kuma nawa ne tan ɗaya tun daga sitonsa har cikin jirgin teku. Amsar ta ukun sai an haɗa ofisoshi huɗu kafin a same ta, ta biyun kuma tana hannun wanda ke buɗe ƙofar madatsar Jebba.